Haƙorin Makkan Hajiya Balaraba

Kwanakin baya na shiga ɗakin gwajin jini na wani asibiti don a auna min suga. Na tarar da samari biyu cikin fararen riguna, ɗaya yana ɓarar gyaɗa, ɗaya yana latsa waya, na'ura kuwa tana can kusurwa tana aiki ita kaɗai. An zura mata kwalbar jini, ta yi ɗan ƙugi, ta tofo takarda. Da na ce musu ni ma wannan aikin na yi har na tsufa a kansa, sai mai gyaɗar ya ce, "Kai Baba, ashe kun huta. Ai aikin zaune ne." Ban ce masa komai ba, saboda allura na hannunsa. Yanzu da na dawo gida lafiya, ga amsarsa, shi da ire-irensa.

Jinin farko da na shimfiɗa a kan gilashi a Kartum ne, ƙarƙashin wani Basudane, Ustaz Bashir, dogon mutum marar dariya. A ido aikin ba komai ba ne. Ka ɗiga jini a gefen gilashi, ka sa bakin wani gilashin ka tura shi gaba sau ɗaya tak, ya fito siriri kamar harshen kyanwa. In ya yi kauri, ƙwayoyin sun hau juna, ba ka ganin komai. In hannunka ya yi rawa, ya fito layi-layi kamar kwanon rufi. Ustaz ba ya ba ɗalibi jinin majinyaci sai ya ƙware, don haka da jinin kanmu muke koyo. Cikin mako biyu yatsuna goma sun zama rariya, ko loma ba na iya yi. Sai na yi dabara. Kukun makarantarmu na yanka kaji bayan ɗakin girki, na tara masa murfin kwalba. Na shimfiɗa, na rina, na kai wa Ustaz ina taƙama. Ya leƙa madubin likita ya daɗe, sannan ya ɗago ya ce da Larabci, "Ya Ilyasu, wannan majinyacin naka ka sallame shi. Ka ba shi dawa da ruwa, in sha Allah jibi zai yi ƙwai." Ashe jajayen ƙwayoyin jinin kaza dogaye ne, kowace da ɗigo a tsakiya, na mutum kuwa zagayayyu ne kamar kwabo, babu ɗigo. Ran nan na san gilashi ba ya rufa wa kowa asiri.

Daga Kartum aka tura ni kwas Bombay, daga baya Ingila, kafin na dawo Kaduna a farkon shekarun tamanin na kama aiki a wani ƙaramin asibiti a yankin Doka. Jini dai ɗaya ne ko'ina, masu jinin ne suka bambanta. Bature ya miƙo hannu yana ba ka haƙuri, kamar shi ne zai soke ka. Ba'indiye ya zo da mutum tara, kowa da tambayarsa. Basudane ya rantse allura ba ta komai da shi, kana juyawa ka ji tim a ƙasa. Mutumin Kaduna kuwa ba ya tsoron allura, ragowar jinin ce damuwarsa. "Malam, wanda ya saura fa, ina za ka kai shi?" Sai ka zubar a gabansa, ka kora da ruwa, sannan ya sa hularsa. Wani ƙaton soja daga Mando ya taɓa leƙa 'yar kwalbar da na ɗiba, ya ce in ƙara, kada a ce na raina shi.

Kayan aikina ba su da yawa. Madubin likita guda ne, irin mai ɗan madubin tarar haske a ƙasa, don in an ɗauke wuta sai in kwashe shi zuwa taga in riƙa bin rana kamar ƙadangare. Sai wani gilashi mai kauri mai zanen gidaje kamar na dara, da shi ake sanin yawan fararen ƙwayoyin jini. Sai kwalbar ruwan rini, wanda ke sa jajayen ƙwayoyi su yi ruwan hoda, farare kuma su fito da shuɗin ciki. Sai ɗan akwatin ƙirge mai maɓallai: ido na cikin madubi, yatsu na kan maɓalli, duk farar ƙwayar da ka gani ka danna gidanta, in ka cika ɗari ƙararrawa ta kaɗa. In ka ɗaga ido ka ɓatar da inda kake, don haka in an yi maka sallama kana tsakiyar ƙirge, da ƙafa kake amsawa. Babban abokin gaba kuwa ƙuda ne. Ka shanya gilashi ka juya baya, ka dawo ka tarar ya lashe rabin majinyacin.

Aikin da na fi tunawa shi ne na Hajiya Balaraba, mai sayar da atamfa a Unguwar Dosa. Tana da sikila, wato amosanin jini, ciwon da jajayen ƙwayoyi ke lanƙwashewa kamar lauje su maƙale a ƙananan jijiyoyi, mutum ya riƙa jin kamar ana sara masa ƙashi. Ta haura talatin, shekarun da ba kasafai masu ciwon ke kaiwa ba a zamanin. 'Yar ƙarama ce, ido rawaya-rawaya, baki kamar rediyo, ga haƙorin Makka guda a sama ta dama, wanda ke riga sallamarta shigowa ɗaki. Duk wata take zuwa a duba mata jini. Ba ta taɓa kirana da sunana ba, sai dai Mai Madubi.

Da can sau ɗaya ko biyu a shekara ciwon ke kwantar da ita. Sai ga shi ya koma kusan kowane wata, kuma ya zaɓi mummunar shekara, wadda darajar naira ta faɗi kayan asibiti na waje suka ɗauke. Gilashin da ake yarwa muka koma wankewa da sabulu muna gogewa da tsohon rawani. Man da ake ɗigawa a gilashi kafin a duba ya ƙare, na gwada man gyaɗa, ɗaki ya ɗauki ƙamshin ƙosai, tururuwa suka yi layi har cikin madubi. Tataccen ruwan da ake sirka rini da shi, wurin masu cajin batir a Mando nake sayowa, ran nan aka haɗo ni da wanda ya gauraya da ruwan batir ɗin kansa, duk jinin da na rina ya fito ja wur, sai ka ce babu marar lafiya a Kaduna. Daga nan na koma tarar ruwan sama a kwano. Rini kuwa saura kaɗan a gindin kwalba, na naɗe ta cikin safa na ɓoye a aljihun tebur. Waɗannan duk abin dariya ne. Wanda ba na dariya ba shi ne jinin ƙari ya yi wuya, maganin kashe zafi ya yi wuya. Likitanmu, wani Bamisire da ake kira Dakta Hilmi, ya ce min da Larabci, "In ciwon matar nan ya hau ƙirjinta a daminar nan, ba mu da abin da za mu tare shi da shi."

Abin da ya ɗaure min kai fararen ƙwayoyinta ne. Ko ranar da ta zo da ƙafarta tana zuba surutu, in na ƙirga sai in same su sun kusa ninka abin da na saba gani a jininta. Na fara zargin kaina. Jikin mai sikila gaggawar ƙera jini yake, sai ya saki jajayen ƙwayoyi 'yan jarirai masu ɗigo a tsakiya, wanda bai ƙware ba ya lissafa su cikin farare, ya tayar wa likita da hankali a banza. Na ware su ɗaya bayan ɗaya, na sake ƙirgawa. Har yanzu farare sun yi yawa. Kamanninsu ma sun sauya. Farar ƙwaya mai kwanciyar hankali cikinta fes yake, sai ɗan yayyafin ɗigo. Nata kuwa cike suke da manyan baƙaƙen ɗigo da 'yan ramuka, alamar sun fusata, suna faɗa da wani abu. A gefensu ga jajaye a yayyage. Ke nan wani wuri a jikinta akwai ƙwayar cuta da ke tsokanar su. Dakta ya sa aka duba fitsari, aka ɗauki hoton ƙirji, aka nemi zazzaɓin cizon sauro, aka bi ƙafafunta ko akwai gyambo. Babu komai.

Ƙamshin kanumfari ne ya tona asiri. Wata safiya ina ɗibar jininta, tana ba ni labarin wata da ta sayi leshi ta sa a biki ta dawo da shi wai bai yi mata ba, sai na lura duk kalmar da ta fito daga bakinta da kanumfari take fitowa. Na zauna da mutane iri-iri, yarensu daban, abincinsu daban, amma daga Bombay har Kartum duk wanda ka ji yana tauna kanumfari da sassafe babu shayi a gabansa, haƙori ke damun sa. Na ɗebo ruwan randa mai sanyi na miƙa mata. Ta karkata kai hagu, ta sha ta gefe ɗaya kamar kaza.

"Hajiya, ɗaga min leɓenki na sama."

"Mai Madubi, jini aka ce ka duba. Ba a ce ka sayi akuya ba."

Na kira Dakta. Ya sa ɗan katako ya ɗaga leɓen. Dasashin da ke saman haƙorin Makkan ya kumbura ya yi ja, da ɗan ƙurji yana tsattsafo da mugunya. Haƙorin ya ruɓe a ƙarƙashin zinaren tun tuni. Dakta ya sha duba harshenta da maƙogwaronta, amma duk sanda ta buɗe baki zinaren nan ke ɗauke masa ido.

Dakta ba ya jin Hausa sai "sannu" da "kawo hannu", Hajiya ba ta jin Larabci sai na salla da na ciniki, don haka ni ne tafinta. Ya ce a cire haƙorin ba da jimawa ba. Na faɗa mata.

"A cire me? Hajjin nawa?"

"Haƙori, Hajiya."

"Ka ce masa ya fara cire gashin bakinsa."

Na ce wa Dakta tana neman ƙarin bayani. Shi kuwa ya gyara tsayuwa ya zubo bayani mai tsawo, wanda rabinsa zato ne a lokacin, sai bayan shekaru na karanta na ga haka abin yake. Na rasa yadda zan juya shi, sai na tuna duk mako biyu takan hau mota a tashar Kawo zuwa Kano sarin kaya.

"Hajiya, kin san 'yan kamashon tasha?"

"Na san su, Allah ya shirye su."

"To fararen ƙwayoyin jininki su ne. Jijiya ita ce tasha, jajayen ƙwayoyi su ne fasinja. In lafiya ƙalau, suna zaune ƙarƙashin bishiya suna dara, fasinja na wucewa abinsu. Amma da an yi ihun ɓarawo sai duk su miƙe, su manne a bakin ƙofa, duk wanda ya zo wucewa su cafke shi. Fasinjan wasu mutane ɗan ƙunshi ne a hannunsu, sai su sulale. Naki kuwa kowanne da lauje a kafaɗa. Da an riƙe ɗaya sai ya gindaya a ƙofa, na baya su taru a kansa, hanya ta toshe. Wannan toshewar ita ce sarar da kike ji a ƙashi."

"To ɓarawon fa?"

"Ba su kai gare shi ba, shi ya sa suke watsa makaminsu ko'ina. Makamin wani ruwa ne mai ƙuna, dangin wanda masu wanki ke sa wa farin kaya. Don ƙwayar cuta aka yi shi, amma in an watsa ba ya tambayar suna. Ya zuba a bangon jijiya, ya saɓule shafen da ke sa shi santsi, bango ya yi kaushi ya riƙa kama duk abin da ya goge shi. Ya zuba a kan jajayen ƙwayoyi, ya huda musu fata, su fashe tun kwanansu bai ƙare ba. Shi ya sa jininki ke ƙarewa, idonki ke ƙara rawaya. Bangon da ya ji ciwo kuma shi ma ihu yake, sai wasu 'yan kamashon su ƙaro."

"Sai a kore su mana."

"In an kore su, ƙurji ɗaya ya isa ya kai ki ƙasa. Mai ihun za a cire. Haƙorin nan ya kai shekara yana ihun ɓarawo ba dare ba rana."

Ta gyaɗa kai, ta ce bayani ya yi kyau, ya kamata a sa ni a rediyo. Amma ba za a cire ba. Na ce mata na zauna da Sudanawa da Misirawa da Indiyawa, duk suna zuwa aikin Hajji, ban ga mai dawowa da haƙori ba. Dakta ma da take gani sau uku ya je. Ta dube shi daga sama har ƙasa.

"Shi ya sa ba wanda ya sani."

Ta ɗauki jakarta ta tafi. Kwana goma bayan nan aka kawo ta a tasi, ciwo ya kama mata baya da haƙarƙari, numfashi na fita da ƙyar. Kwana biyar ana ƙarin ruwa. Jini kwalba guda aka samu, shi ma wurin yayanta, wanda bai daɗe da bayarwa ba. Dakta ya ce yayan nan ba rijiya ba ne, in aka sake dawowa bai san wanda za a tatsa ba.

Ranar da za a sallame ta na yi abin da ban taɓa yi wa majinyaci ba. Na kwance safa, na ɗiga rini a sabon gilashin jininta, na zaunar da ita gaban madubi. Ta rufe idon da ya kamata ta buɗe. Da aka gyara ta ce ta ga gizo-gizo, ashe gashin idonta ne. Can sai ta nutsu.

"Wannan mai ɗaure fuskar, shi ne?"

"Shi ne."

"Wallahi kamar wanda ya yaga min jaka bara."

Ta daɗe tana kallo. Da ta ɗago ta gyara mayafi, ta ce, murya ƙasa-ƙasa, "Mai Madubi, tun ina yarinya ake cewa ba zan ga sallar baɗi ba. Ko rigar salla daidai jikina ake ɗinka min, ba a barin wurin girma. Na girma, na yi jari, na biya kujera da hannuna, na je na dawo. Duk wadda ta ce ba zan kai ba, da haƙorin nan nake gaishe ta. Yanzu ka ce in bar wa asibiti shi a jefa a bola?"

"Wa ya ce miki bola za a jefa?"

"Ba haka kuke yi da duk abin da kuka cire ba?"

Ashe ni da Dakta, da harsuna biyar tsakaninmu, babu wanda ya tuna ya gaya mata cewa zinarenta nata ne, likitan haƙori zai ɓare shi ya miƙa mata abinta.

Ta yarda, amma da sharaɗi. Wai dole in tsaya a wurin cirewar, don ta ce likitan haƙorin bai yi mata kama da mai amana ba, ko da yake ba ta taɓa ganin sa ba. Dakta ya ɗora ta kan maganin kashe ƙwayoyin cuta na mako guda, ya ce ta yi ta shan ruwa. Ranar aiki na rufe ɗakina, ni da na yi karatu a ƙasa uku, na tsaya gefen kujera riƙe da kofin silba ina gadin zinare. Da haƙorin ya fito, saiwarsa baƙa ƙirin, warin ya kori har mai shara daga baranda. Likitan haƙorin ya ɓare zinaren ya jefa a kofi, ƙwal. Bakinta cike da auduga ta yi min alama da hannu wai in ƙirga. Na leƙa kofi na ce ɗaya. Ta gyaɗa kai. Da ta iya magana ta ce a mayar mata da shi kan haƙorin da ke kusa. Dakta ya ce sai an kankare lafiyayyen haƙori kafin a sa, ke nan an koma gidan jiya, kuma in ta kuskura shi da kansa zai bi ta har Unguwar Dosa da filaya. Wannan karon na fassara mata kalma da kalma.

Bayan mako shida ta dawo, mayafi a baki saboda giɓi. Rinin da ya rage bai wuce na gilashi biyu ba. An ɗauke wuta, na kai madubi taga, na jira wani gajimare ya wuce, na fara dannawa. Tana zaune a bayana tana jira. Ƙararrawa ta kaɗa. Farare sun sauka inda na san su da, cikinsu fes, sun koma ƙarƙashin bishiyarsu. Na gaya mata. Ta ce alhamdu lillahi sau uku, sannan ta ce tagar nan tawa na bukatar labule, kuma tana da yadi mai sauƙi.

Ciwon sikila bai warke ba, kuma ba mu taɓa ce mata zai warke ba. Amma daminar nan ta wuce ba a kwantar da ita ba, yayanta ya mayar da jininsa, har ya yi tumbi. Bayan kaka sai ga ta ta shigo, babu mayafi a baki, giɓi a fili, ga zobe a manuniyar yatsanta na dama. Maƙeri ya narka zinaren ya ƙara da ɗankunne guda. Tun daga ƙofa take nuna abubuwa da yatsan nan. Ta nuna kujera, ta nuna agogo, ta nuna Sistar ɗakin mata ta ce ta yi ƙiba. Na kama hannun, tsautsayi ya sa na goge mai zoben da auduga, na ɗauko allura, sai ta fizge.

"A'a, Mai Madubi. Wannan ya je Makka. Soki na kusa da shi, shi bai je ko'ina ba."